Idan Babur Ya Ƙi Tashi



Na daɗe ina gyaran babur a Makarfi, kuma galibin waɗanda ake turo mini daga Ikara ko Kudan wai wuta ta ɗauke, ba sa bukatar sabon kaya. Kafin ka sayi komai, fara da fulogi. Kwance shi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi da jikin inji, nesa da mai, sannan ka buga kik. Shuɗiyar wuta lafiya ce. In ja ce, ko babu, to da magana. Goge baƙin, ka bar tazarar bakinsa kamar milimita 0.7.

Batir kuwa ana yawan ɗora masa laifin banza. Danna ham. In ya yi sanyi, caji ne ya yi ƙasa, sitata ba za ta juya ba. Amma yawancin baburanmu ƙirar Honda CG125 daga kwal ɗin cikin inji suke samun wutar fulogi, don haka kik zai tashe su.

Abin da ya fi wahalar da jama'a da damina shi ne gidan makulli. Akwai baƙar waya mai farin layi da ke kashe inji. Ruwa na shiga, sai ta riƙa zubar da wutar a jikin ƙarfe. Zare ta ka gwada. In ya tashi, CDI ɗinka lafiya lau, kada wani ya sayar maka da sabo. Sai dai makulli ba zai kashe inji ba sai ka mayar da ita.