Daga Rafukka zuwa Zariya: Gine-ginen Kwalejin Barewa

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, da 'yan'uwa tsofaffin ɗaliban makarantun kwana na Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura.

Duk wanda ya taɓa kwana a makaranta ya san abin da ya fi zama a zuciya ba allo ba ne. Ɗakin kwana ne, da masallaci, da bishiyar da ake taruwa a ƙarƙashinta. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan gine-ginen uwar makarantun kwana ta Arewa, wato Kwalejin Barewa, wadda ta faro daga Katsina.

A watan Maris na 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, domin horar da malamai. Ba a kawo siminti daga Ingila ba. Maginan gari ne suka buga tubali da jar ƙasa, suka jera azara, suka yi soraye masu kaurin bango waɗanda ke riƙe sanyi ko a tsakiyar bazara. Cikin waɗannan ɗakuna Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, haka Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, a nan ya koyar.

Ginin yana nan a unguwar Rafukka, ya haura shekara ɗari, yau gidan tarihi ne. Ina so mu tsaya a nan kaɗan. Kowa a ɗakin nan ya san halin ginin ƙasa: in damina biyu ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a duba indararo ba, ruwa ya samu ƙofa, sai azara ta fara ruɓewa. Ke nan tsayuwar wannan gini shaida ce ta hannayen da suka yi ta komawa kansa. A ganina waɗannan magina sun cancanci a ambace su tare da manyan da suka yi karatu a ciki.

A 1938 aka mayar da makarantar zuwa Kaduna. Zaman bai yi daɗi ba, don Yaƙin Duniya na Biyu ya sa sojoji suka karɓe gine-ginen, ɗalibai suka koma matsugunin wucin gadi. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari 'yan zamanin Kaduna ne. A 1949 ta sauka Zariya, kan hanyar Gaskiya, kuma a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad a nan suka yi nasu karatun.

Bango ba ya tafiya, amma suna yana tafiya. Zariya ta ɗauki tarihin Katsina ta liƙa a gidajen kwanan ɗalibai. Akwai gidan Clifford, da na Lugard, da na Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer wanda ya fara makarantar Nasarawa a Kano. Akwai na Bello Kagara da na Nagwamatse, daga baya aka ƙara na Ja'afaru da na Sulaiman Barau. Yaro ɗan aji ɗaya kan haddace waɗannan sunaye kafin ya san masu su, kuma wata rana dole ya tambaya.

Mu dawo gida. Makarantunmu na kwana da bulo da kwano aka gina su, kuma da yawa ba su kai rabin shekarun Rafukka ba, amma iska ta yaye rufin wasu ɗakunan, an bar su ga awaki. Wannan yana min ciwo. Roƙona ga kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai shi ne, kafin damina mai zuwa, a zagaya makaranta tare da tsohon mai gadi ko tsohon kuku, a rubuta shekarar kowane gini, da wanda ya gina shi, da dalilin sunansa, a ɗauki hoto, a ajiye kwafi a ofishin shugaban makaranta. Daga nan a fara da rufin da ya fi yoyo.