Kai Mai Taɓin Hankali Gaban Alƙali Don a Duba Lafiyarsa

 

An nemi in yi magana a kan abin da muka fi son rufewa a ɗaki, wato ɗan'uwan da hankalinsa ya taɓu, ya ƙi magani, ya ƙi asibiti, har ana tsoron ya illata kansa ko wani. Ku mazauna birane ku ake kira a waya a ce a turo kuɗi, sau da yawa kuɗin mari da sarƙa ne ba ku sani ba.

Tun zamanin Gwamna Lugga, a 1916, Turawa suka kafa dokar mahaukata, aka sabunta ta a 1958. A ƙarƙashinta mutum zai je gaban majistare ya yi rantsuwa cewa wane ya zautu, likita ya duba shi ya ba da takarda, majistare ya sa hannu a tsare shi. Dokar ba ta damu da warkewarsa ba, kawar da shi daga idon jama'a ta sa a gaba, shi ya sa waɗansu suka tsufa a gidan yari ba su saci ko allura ba. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ta ce ba a kwantar da mutum bisa tilas sai likita ya tabbatar akwai haɗari gare shi ko ga waɗansu, ko kuwa ciwon zai tsananta in an bar shi, kuma ta ba shi damar ƙalubalantar tsarewar.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani a wannan fage. A babin hajaru, alƙali na iya hana wanda ya rasa hankali taɓa dukiyarsa, ya naɗa masa waliyyi mai kula da ita, kuma ranar da ya warke a mayar masa da abinsa. A nan ne nake roƙon ku natsu. A shekarun da na yi ina shugabancin makaranta na ga gidan da aka kai ƙani kotu da sunan hauka, alhali gonar gado ce a fadama ake so. Mai gardama, ko mai baƙin ciki bayan rasuwar matarsa, ko yaron da ƙwaya ta ɗebe na kwana biyu, ba kowanensu ne mahaukaci ba, kuma wa ko kawu bai isa ya yanke wannan hukunci ba. Aikin likita ne, alƙali kuma ya saurari wanda ake ƙara da kunnensa. Tabon kalmar nan kuwa ba ya gogewa da sauƙi, yakan bi mutum har ranar neman auren 'yarsa.

Mu a Gawon Nama ba mu da uzuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana bakin ƙofarmu, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kan hanyar Illela. A fara da lallashi, a sa wanda maras lafiyar yake jin nauyinsa ya raka shi. In abin ya faskara, sannan a nemi hukuma, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a dukiyarsa.

Shawarata ga kwamitin zartarwa ita ce a ware wani kaso daga asusun taimakon juna don kuɗin mota da magani, a kuma zaɓi dattawa uku, har da mace, waɗanda iyali za su iya tunkara a asirce kafin a kai ga takardar kotu. Ina fata Sakatare zai sa wannan cikin ajandar zama mai zuwa.