MIYA IRI-IRI, LAFIYAR GIDA

Jawabin da malamin tsabta ya yi wa 'yan ajin Yaƙi da Jahilci

  

Yau maganarmu a kan miya ce, watau ganye da kayan lambu. Kada wani ya ce wannan zancen mata ne. Gaskiya ne mace ke girki, amma namiji ke cefane, shi ne kuma mai gona. In bai kawo ba, me za ta zuba a tukunya?

A gidaje da yawa tuwo da miyar kuka a ke ci da dare, da safe a yi ɗumame. Gobe haka, jibi haka, har shekara ta kewayo. Kuka tana da amfani ƙwarai, ba mai musun wannan. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Miya ɗaya ba ta iya ba jiki dukan abin da ya ke bukata.

AIKIN GANYE A JIKI

Abinci kashi uku ne. Gero da dawa da masara da shinkafa su ke ba mu ƙarfin aiki. Wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai da nono su ke gina jiki. Ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuwa su ne masu gadi, su ke tsare jiki daga cuta. A cikinsu akwai waɗansu abubuwa da ido ba ya gani, likitoci suna kiransu bitamin.

Kun san dundumi. Yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango yana tuntuɓe. Yawanci rashin bitamin A ke kawo shi. In an ƙyale, ido ya kan bushe, har yaro ya makance, tun ba in ƙyanda ta same shi ba. Wannan bitamin kuwa yana nan cikin zogale, da alayyafo, da kabewa, da karas, da manja, da mangwaro, da gwanda. Yaron da dundumi ya riga ya kama, a kai shi asibiti maza. Sauran yara kuma a tsare su da miya, gama rigakafi ya fi magani.

Kun san mace mai ciki wadda jiri ke ɗiba, ga kasala, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Ƙarancin jini ke nan, yana kuwa da hatsari ranar haihuwa. Zazzaɓin sauro da tsutsar ciki suna kawo shi, rashin abinci mai kyau ma yana kawo shi. Koren ganye da wake da hanta suna taimakon jini. Amma kada ta fasa zuwa awo, kada kuma ta bar shan ƙwayoyin da aka ba ta.

Har wa yau, mai cin ganye cikinsa ba ya yawan ɗaurewa, bayan gida ba ya ba shi wahala.

To, nawa ya kamata a ci? A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya ci giram 400 ko fiye na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Misalin cikin hannu biyar ke nan. Rogo da doya da dankali ba sa cikin wannan lissafi, su 'yan'uwan hatsi ne. Kowa ya auna kansa, cikin hannu nawa ya ci jiya?

ABIN DA ALLAH YA BA MU

Wani zai ce ba shi da kuɗin kayan lambu. Bari mu ƙidaya abin da ke kusa da mu.

Da damina akwai tafasa, da rama, da yakuwa, da lalo, da karkashi, da gasaya, da alayyafo, da ɗanyar kuɓewa, da ganyen wake. Waɗansu ma ba shuka su a ke yi ba, da kansu su ke fitowa a bayan gari. Da kaka ga kabewa, wadda ta kan yi watanni a ɗaki ba ta ruɓe ba. Da rani masu fadama suna kawo tumatir, da albasa, da tattasai, da gauta, da karas, da kabeji, da latas. Kadawa ta ƙasar Kano ta yi suna wajen tumatir, Galmi ta ƙasar Nijar wajen albasa, Jos kuma wajen kabeji da karas. Zogale kuwa, in yana samun ruwa, kusan shekara duka yana ba da ganye.

Ga dabara mai sauƙin tunawa: ku duba launi. Kowace rana a sami kore, kamar alayyafo. A sami ja, kamar tumatir da tattasai. A sami ruwan ɗorawa, kamar kabewa. In launi ya yi yawa a akushi, amfani ma ya yi yawa.

Akwai wata riba kuma. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, tumatir ya yi tsadar da talaka bai iya saye ba. Wanda bai san wata miya ba sai ta tumatir ya sha wuya. Wanda ya saba da taushe da yakuwa da karkashi bai rasa abin cin tuwonsa ba.

YADDA GANYE ZAI YI DAƊI

Mutum ba ya cin abin da ba daɗi, ko an ce masa magani ne. Yawancin masu ƙin ganye kuwa ba ganyen su ke ƙi ba, yadda aka dafa shi su ke ƙi. Ga abu bakwai, ku riƙe su.

Na ɗaya, a wanke kafin a yanka. A zuba ruwa a babban kwano, a girgiza ganyen a ciki, a tsame shi, ƙasa ta zauna a ƙasa. A sake ruwa sau biyu ko uku. Tsakuwa ɗaya tak ta isa ta ɓata wa mutum loma. In an yanka kafin a wanke, amfani mai yawa ya kan bi ruwa.

Na biyu, kada a bar shi ya daɗe a wuta. Ganye mai laushi irin alayyafo shi ne na ƙarshen shiga tukunya. A zuba, a rufe, ya yi 'yan mintoci, a sauke tun yana kore. Kabeji in ya dahu ya wuce kima sai ya yi wari. Amma akwai waɗanda dokarsu dabam ce. Shuwaka sai an murje ta an wanke ɗaci. Rama da tafasa a kan tafasa su a tsiyaye ruwan. Ganyen rogo kuwa dole a daka shi a dafa shi ƙwarai da gaske, domin ɗanyensa yana da dafi.

Na uku, a rage kanwa. Tana sa kuɓewa yauƙi, tana kashe tsamin yakuwa, amma tana kashe waɗansu bitamin tare da shi. In ta yi yawa kuma miya ta kan yi ɗanɗanon sabulu. Ɗan ƙanƙani ya isa.

Na huɗu, a sa ɗan mai. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A soya albasa cikin man gyaɗa ko manja har ta yi ƙamshi, sa'an nan a zuba sauran kaya. Kada a ƙona manja har ya yi fari, gama jan nan shi ne amfaninsa. In ba mai, a daka gyaɗa ko riɗi ko agushi a zuba. Da gyaɗa miyar taushe ta ke samun garɗinta.

Na biyar, a sa ɗan tsami. A matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko a yanka ɗanyen tumatir. Baki zai ji daɗi, jiki kuma zai fi samun abin ƙarin jinin da ke cikin ganyen. Shayi kuwa yana hana wannan, saboda haka a bar shi sai an jima da cin abinci.

Na shida, a nemi ƙamshi. Muna da daddawa, da citta, da masoro, da kanumfari, da kimba, da tafarnuwa, da busasshen kifi. Wadda ta iya haɗa su ba ta bukatar tulin dunƙule, wanda yawancinsa gishiri ne. Yawan gishiri yana kawo hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, watau misalin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Na bakwai, a riƙa sauya hanya. Ba a miya kaɗai a ke cin ganye ba. A yi dambu da zogale. A yi fate da yakuwa da alayyafo. A yanka kabeji da tumatir a kan ɗanwake, ko a kan shinkafa da wake. Ga kuma kwaɗo: a dafa zogale, a tsane ruwan, a daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono, a yanka albasa da tumatir, a ɗiga mai, a cuɗa. Wa zai mai da hannu baya?

SHANYA DA TSABTA

Lokacin yalwa a ke tanadin lokacin rashi. Amma ganye a inuwa a ke shanya shi, inda iska ke kaɗawa. Rana mai zafi tana cinye korensa da amfaninsa. A shimfiɗa tabarma mai tsabta a kan rumfa, ba a bakin hanya ba, inda ƙura da awaki ke bi. In ya bushe ƙayau, a zuba a tulu ko gwangwani a rufe.

Abin da za a ci ɗanye, kamar latas da tumatir, a wanke shi da ruwan da za a iya sha, a wanke hannu da sabulu tukuna. Ta wurin ƙazamin ruwa a ke ɗaukar amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da tsutsar ciki.

Ku masu lambu, ga inda karatunku zai yi rana. A jikin kwalbar maganin ƙwari an rubuta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinka. Ku karanta, ku bi. Wanda ya yi feshi yau ya kai kasuwa gobe, guba ya sayar wa 'yan'uwansa.

YARA

Jariri nonon uwa kaɗai zai sha har wata 6. Daga nan a fara ba shi abinci mai laushi, ana ci gaba da ba shi nono. A dafa kabewa a dama masa da ɗan mai, ko a zuba garin zogale kaɗan a kununsa.

In yaro ya tofar da sabon abu, kada a doke shi, kada a yi masa ɗure, kada kuma a ce ba ya so ke nan har abada. A sake ba shi kaɗan bayan kwana biyu. Wani yaro sai an gwada masa sau goma kafin ya karɓa. Sannu ba ta hana zuwa. Kai kuma mai gida, ka ci a gabansa. In ya ga kana ture ganye gefe kana neman tsoka, shi ma haka zai yi.

AIKIN WANNAN MAKO

Abu biyu na ke roƙonku. Na fari, kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta ranakun mako, daga Asabar zuwa Jumma'a. A gaban kowace rana ya rubuta miyar da aka ci a gidansa. Mako mai zuwa ku nuna wa malamin aji. Wanda ya ga suna ɗaya ya cika shafi, ya san inda gyara ya ke. Ku yi ƙoƙari a sami iri huɗu ko biyar.

Na biyu, kowane gida a kafa zogale a jikin danga. Reshe a ke sara a kafa, ya kan kama, tun ba da damina ba. A kare shi daga awaki, a riƙa ba shi ruwan da aka wanke hatsi ko ganye. A gefensa a shuka alayyafo, wanda a kan fara tsinka cikin mako huɗu ko biyar. Miya ta zo ƙofar ɗaki ke nan, ba sai an je kasuwa ba.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya ƙara wa wannan aji basira.  

TAMBAYOYI

1. Me ke kawo dundumi?
2. Don me a ke wanke ganye kafin a yanka?
3. A ina ya kamata a shanya ganye?
4. Rubuta sunan miya biyar da a ke yi a garinku.