Wa ke da makarantar unguwa? Rigimar Washinton da jihohin Amurka kan ilimi

 

Yau zancen Amurka za mu yi, kan wata gardama da suka fi shekara 60 suna tafkawa, har gobe ba ta mutu ba: wa ke da ikon faɗin abin da za a koya wa yaro a makarantar gwamnati? Gwamnatin tarayya da ke Washinton, ko jihohi, ko iyayen yara da ke unguwar? Na san wani zai ce, mu da ƙannenmu ke karatu cikin rumfar zana, ina ruwanmu da rigimar masu kuɗi? Ku yi haƙuri ku bi ni, za mu iso gida.

Da farko kada kalmar jiha ta ruɗe mu. Jiha a Amurka ba irin jihar Maraɗi ko Damagaram ba ce da ake naɗo mata gwamna daga Yamai. Jihohinsu 50, kowace tana zaɓen gwamnanta, tana da majalisarta da dokokinta. Kundin tsarin mulkinsu na 1787 bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. Gyara na 10 da aka yi masa a 1791 kuma ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Don haka makaranta ta zama harkar jiha. Jihohin su ma suka sauke yawancin aikin ƙasa, ga gundumomin makarantu wajen 13,000. Galibinsu mutanen gari ne ke zaɓen 'yan hukumar da ke tafiyar da su, kuma zamansu a buɗe yake, uwa tana iya zuwa ta karɓi magana ta ce ba ta yarda da littafi kaza ba. Kuɗin kuwa, cikin kowace dala 10 da ake kashewa, abin da ke fitowa daga Washinton bai cika wuce dala 1 ba. Saura daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin.

To ta ina tarayya ta shigo? Ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko, wariyar launin fata. A jihohin kudu, da sunan ikon jiha da ikon gari aka ware makarantar farare dabam, ta baƙaƙe dabam. A 1954 kotun ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A 1957 gwamnan Akansas, Orval Faubus, ya jibge dakarun jiha a ƙofar wata makarantar garin Little Rock don hana yara baƙaƙe 9 shiga, sai da shugaba Eisenhower ya turo sojojin tarayya suka raka su aji. Wata gunduma a jihar Bajiniya, Prince Edward, gwamma ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yaran a aji guda. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Ƙofa ta biyu, kuɗi. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta fara zuba kuɗin tarayya a makarantun 'ya'yan talakawa. A 1979, zamanin Jimmy Carter, aka kafa ma'aikatar ilimi ta tarayya, amma dokar da ta kafa ta ta hana ta tsoma baki cikin manhaja. Wato ministan ilimin Amurka ba ya da ikon cewa ga abin da za a karantar. Abin da yake da shi, jaka. Kuma kun san maganar Bahaushe: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Askin ya fara zafi a 2002, lokacin da George Bush ƙarami ya sa hannu kan dokar da suka kira "kada a bar yaro ko ɗaya a baya". Duk jihar da ke son kuɗin, sai ta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, kuma kafin 2014 dole kowane yaro, ɗari bisa ɗari, ya kai mizani. Makarantar da ta kasa, hukunci na bin ta mataki mataki, har a iya sauya mata darakta da malamai. Niyyar ba ta da laifi, don dokar ta tilasta a fito da sakamakon yaran talakawa da baƙaƙe a fili, a daina ɓoye su cikin jimla. Amma malamai suka koma koyar da yadda ake cin jarrabawa, tarihi da zane da kiɗa suka rasa wuri. A birnin Atalanta har abin ya kai ana goge amsoshin yara ana gyarawa, kuma a 2015 kotu ta samu malamai da jami'an ilimi 11 da laifi.

Sai zamanin Obama. A 2009 tattalin arziki ya karye, jihohi na neman abin biyan albashi. Gwamnatin tarayya ta ajiye dala miliyar 4.35 ta ce gasa ce, jihohi su zo su nema, kuma cikin abubuwan da ke ba da maki akwai karɓar ma'aunin karatu na bai ɗaya. A daidai lokacin, ƙungiyar gwamnoni da ta shugabannin ilimi na jihohi suna rubuta wani ma'auni mai suna Common Core, da tallafin gidauniyar Bill Gates. Ma'aunin yana faɗin abin da ya kamata yaro ya iya a ƙarshen kowane aji, a Ingilishi da lissafi. An fitar da shi a 2010, cikin ɗan lokaci jihohi 45 suka rungume shi. Kentaki ma tun kafin a gama rubuta shi ta ce ta karɓa. Teksas, Alaska, Nebraska da Bajiniya suka ce a kai kasuwa.

A takarda ba wanda aka tilasta. Amma mai jin yunwa ka nuna masa tuwo ka ce in ya ga dama, ai kun san amsa. Nan ne wutar ta tashi. Iyaye suka wayi gari aikin gida na yaransu ya sauya, hanyar lissafi ta sauya, suka je gun hukumar da suka zaɓa, ta ce ba ita ba ce, jiha ce. Jiha ta ce sharaɗin kuɗi ne. Washinton ta ce gwamnoni ne suka rubuta. Kowa ya wanke hannu, ba wanda za ka kama ka ce kai ka yi, ba wanda za ka kayar a zaɓe.

Abin lura, masu adawar ba gida ɗaya suka fito ba. Masu ra'ayin riƙau suka ce tarayya ta ƙwace abin da kundin tsarin mulki bai ba ta ba. Malamai da ƙungiyoyinsu, waɗanda yawanci 'yan ɓangaren Obama ne, suka ce an ɗaura makomar aikinsu a kan sakamakon jarrabawa ba tare da an shirya su ba. A 2014 Indiyana ta fice, Okalahoma da Karolina ta Kudu suka bi. A 2015 a jihar Niyok, iyayen yara wajen 200,000, kusan ɗaya cikin biyar, suka hana 'ya'yansu zama jarrabawar. Ba wanda ya ƙona taya. Takarda kawai kowa ya rubuta wa darakta cewa ɗana ba zai yi ba. A watan Disamba na wannan shekara majalisa ta yi sabuwar doka, jam'iyyun biyu suka haɗu, a majalisar dattawa ƙuri'a 85 da 12. Dokar ta hana minista tilasta wa jiha wani ma'auni ko jawo ta da kuɗi ta karɓa. Obama da kansa ya sa hannu. Rigimar dai ba ta kwanta ba: a watan Maris na 2025 Donald Trump ya ba da umarnin a fara shirin rufe ma'aikatar ilimin dungurungum, kodayake rufe ta sai da yardar majalisa.

To ni ina na tsaya? A kan Common Core, ina ganin masu adawa suna da gaskiya a wuri ɗaya babba: hanyar da aka bi. Ko da ma'aunin mai kyau ne, an shigo da shi ta bayan gida, ba a zauna da malamin da zai koyar ba, ba a tambayi uwar da za ta taya yaro aikin gida ba. Jihohi da dama da suka ce sun fice, sun sake rubuta kusan abu guda suka sa masa sunansu, hayaniya ta ragu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ko ka fi shi sanin gini, ba ka hau rufinsa ba sallama.

Amma 'yan uwa, ku tuna Little Rock. Da an bar wa masu gari, yaran nan 9 da ba su shiga ajin ba. Sannan inda makaranta ke rayuwa da harajin gidajen unguwa, unguwar masu hali tana da ɗakin gwaje-gwaje, ta talakawa tana da rufi mai yoyo. Ƙarar da iyaye talakawa daga San Antoniyo ta Teksas suka shigar kan wannan ta kai har kotun ƙoli, a 1973 alƙalai 5 cikin 9 suka ce kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunta ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku a bar wa gari komai, ku tambaye shi: gari wa? Talakan garin yana da baki a ciki, ko masu faɗa a ji ne kawai? Abin da na fahimta shi ne, aikin sama ya tsare haƙƙin kowane yaro, ya cike giɓin kuɗi tsakanin mai shi da marar shi. Yadda makaranta ke tafiya yau da gobe kuwa, a bar shi kusa da idon iyaye.

Mu dawo gida. Nijar ba tarayya ba ce, manhajarmu ɗaya ce daga Yamai take fitowa, daga Tillaberi har Diffa. Amma tambayar nan muna da ita. Muna da kwamitocin kula da makarantu, COGES da aka koma kira CGDES, inda iyaye ke da kujera. A 2016 an sa hannu kan miƙa wasu ayyukan ilimi ga ƙananan hukumomi. A 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa na ƙananan hukumomin, aka naɗa masu riƙo. Ga masu ba da tallafi daga waje, kowane da kuɗinsa da sharaɗinsa da rahoton da yake son a cika masa. Ga kuma batun harshen da za a koyar da yaro da shi, wanda ake gwaji a kai tun shekarun 1970. Duk waɗannan, wa ake tambaya?

Ga abin da nake roƙonku. Wannan mako kowa ya leƙa lakol ɗin unguwarsu. Ya tambayi su wa ke cikin kwamitin, yaushe aka zaɓe su, yaushe suka yi taro na ƙarshe, nawa iyaye suka tara bana, me aka yi da shi. In akwai wani tallafi, a tambaya daga ina, da wane sharaɗi. Ku tambaya cikin ladabi, darakta da malamai ba abokan gaba ba ne, sau da yawa su ma umarni ne ke faɗo musu ba a ji ta bakinsu ba. Ku rubuto abin da kuka samu, a zama na gaba mu haɗa na Maraɗi da na Damagaram da na Tawa da na Yamai mu gani. Iyayen Niyok ba su fi iyayenmu son 'ya'yansu ba, sun dai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma sun je tare.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, bisimilla. Allah ya yi wa karatun ƙannenmu albarka. Wassalamu alaikum.