Wasiyya Ba Ta Kiran Mutuwa

Karatu: Ishaya 38:1-5



Sau nawa muka dawo daga jana'izar ɗan'uwa, ƙasar kabari ba ta bushe ba, dangi sun fara tambayar ina takardar gida? Gwauruwar da muka yi wa waƙa da safe, kafin wata ya ƙare an ce ta kwashe kayanta. Marigayin kuwa mai bi ne na kirki, mai ba da zakka, sai dai bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba.

Da yawanmu muna tsoron wasiyya, wai rubuta ta kiran mutuwa ne. To, mu duba Sarki Hezekiya. Da ya kwanta ciwo, Ubangiji da kansa ya aiko annabi Ishaya ya gaya masa ya shirya al'amuran iyalinsa. Hezekiya ya yi kuka, ya yi addu'a, aka ƙara masa shekara 15. Kwanakinmu a hannun Allah suke, alƙalami ba ya rage su. Ibrahim ma, a Farawa 25, tun yana da rai ya ba Ishaku gādo, ya sallami sauran 'ya'yansa da kyautai, bai bar musu rigima ba.

Abin ba shi da wuya. A dokar Nijeriya, a rubuta wasiyyar, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu 2 suna tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Kada shaidan nan su zama cikin masu cin gādon, gama rabonsu na iya faɗuwa. Lauya zai taimaka a ajiye ta a sashen gādo na Babbar Kotu. Mu kuma lura: sunan ɗan'uwa mafi kusa da muka cika a takardar banki bai mai da shi magaji ba. In babu wasiyya, sai iyali sun nemi takardar izini daga kotu kafin su taɓa kuɗin, yara kuwa na zaune a gida ba kuɗin makaranta.

'Ya'ya mata fa? 'Ya'yan Zelofehad su 5 sun tsaya gaban Musa a Littafin Ƙidaya 27, Ubangiji ya ce ƙararsu daidai ce. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gādon ubanta. Abin kunya ne kotu ta riga ikilisiya tsayawa.

Kada mu manta da tsofaffinmu. Yesu yana kan gicciye, cikin azaba, ya danƙa uwarsa a hannun Yahaya. Mu zauna da Baba da Mama tun hankalinsu na nan, mu tambaye su wa suke so ya riƙe musu kuɗin fansho, a gidan wa za su zauna in ƙarfi ya ƙare.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan riƙon marayu. Bari mu yi addu'a.