Jawabi Kan Furen Liyatiris Na Amurka



Maganar yau a kan wani fure ce mai suna Liyatiris. Asalinsa daga filayen ciyawa na Amurka ne. Tsawonsa yakan kai mita 1. Kansa kamar zangarniyar gero yake, launinsa kuwa shunayya. Daga sama yake fara buɗewa, ya gangaro ƙasa, cikin Yuli da Agusta.

Idan an shuka irinsa, sai ya shekara 2 ko 3 kafin ya yi fure. Shi ya sa masu lambu a can suka fi binne saiwarsa, mai kama da 'yar gwaza. Bayan sanyi ya wuce suke binne ta, zurfin santimita 5 zuwa 10, a fili mai rana sosai. Taki kaɗan ya isa. In ya yi yawa, karan ya kwanta.

Babban abokin gabarsa shi ne kwantaccen ruwa. Lokacin hunturu ganyen yakan bushe, saiwar ta yi barci a ƙasa. In ruwa ya kwanta mata, sai ta ruɓe, mai lambu ya yi asara. Don haka jigawa ta fi masa laka.

Bayan shekara 3 ko 4 sukan tono saiwar, su raba, su dasa.