Ɗan Kenya da Ƙofar Komawa Gida

A ƙarƙashin tsohon tsarin mulkin Kenya, duk baligin da ya karɓi fasfon wata ƙasa ya rasa zamansa na ɗan Kenya ke nan. Mutum ya tafi Kanada ko Amurka neman abinci, ya karɓi fasfon can, ranar da zai dawo jana'izar mahaifiyarsa sai ya nemi biza, ya bi layin baƙi a filin jirgin Nairobi, a garin da aka yanke masa cibiya.

Tsarin mulkin 2010 ya gyara wannan. Sashe na 14 ya ce haifaffen ɗan ƙasa da ya rasa matsayinsa ta wannan hanya yana da haƙƙin a mayar masa idan ya nema. Haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma a ganina daidai ke nan.

Sai dai aiwatarwa na hannun masu mulki. A Fabrairun 2018 gwamnati ta tusa ƙeyar lauya Miguna Miguna zuwa Kanada, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne, bayan rawar da ya taka a rantsar da madugun adawa na lokacin, Raila Odinga. Babbar kotu ta ce haifaffen ɗan Kenya ne, amma bai samu shiga gida ba sai Oktoban 2022.

Dattawanmu a Najeriya sun san irin wannan. A 1980 aka kori Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, zuwa Chadi, sai da kotun Maiduguri ta tabbatar ɗan Najeriya ne.